Wutar Kaka

Litinin, da yamma

Yau sunan kamfanin su Baba ya fito a rediyo. Ina wanke kwanuka na ji, har cokali ya suɓuce min. Mai karanta labarai ya ce masana'antar kwalaben magani ɗaya tilo da ƙasa ke da ita ta shiga mawuyacin hali, kuma gwamnati na duba yiwuwar ba ta tallafin gaggawa. Ɗaya tilo! Ni da nake ganinta kullum ta tagar ɗakinmu, da katangarta mai tabon ruwa da ramammen karen maigadi, ban taɓa sani ba. Ashe duk wanda aka yi wa allura a ƙasar nan, ko aka ɗura masa maganin tari, kwalbar ta gaban Babana ta wuce.

Mama ta rage murya ta ce, "Ƙarasa aikinki, ba da ke suke ba."

Da mu suke mana.

Talata, da safe

An ce Yaya ta zauna a gida har sai an neme ta. Ita da duk matan da ke duba kwalabe a gaban fitila. Injinan sun tsaya, ba abin da za su duba. Ta kwanta a katifata da kayan aikinta a jiki, ta ɗauki littafin da na aro ta karanta da ƙarfi tana maƙe murya: "Ya dube ta da idanunsa masu kashe jiki." Ta ce, "Ke dai wallahi kina fama. Duniya na ci da wuta kina nan kina kashe jiki."

 Ban iya mayar da magana nan take ba, sai bayan awa biyu amsar ke zuwa min, lokacin ba amfani.

Na tambaye ta, tunda injina sun tsaya, me Baba yake yi a can har ba ya dawowa? Ta ce shi ai aikinsa ba ya tsayawa. Tanderu biyu ne a kamfanin, inda ake narkar da yashi ya zama gilashi. Tsohon suna ce masa Kaka, sabon Auta. Baba ne shugaban masu kula da Kaka. Ba a kashe su, ko na rana ɗaya. In wuta ta ɗauke, narkakken gilashin da ke ciki zai daskare ya zama dutse guda, ya fasa bulon, shi ke nan an yi asarar tanderu. Don haka ko ba a yin kwalba ko ɗaya, dole gas ya ci gaba da ci. Kuma kamfanin ya kasa biyan masu gas ɗin.

"Me ya sa ya kasa?"

"Tambayi masu shi, in kin san ƙasar da suke."

Laraba, da rana

An rufe kantin abincin ma'aikata. Yaya ta rantse ba za ta taka ƙofar nan da kwano a hannu ba bayan an kore ta kamar kaza, don haka ni aka aika in kai wa Baba abinci.

Na tsaya a bakin ƙofa na kasa yi wa maigadi magana. Sai Kawu Dogo ya hango ni. Abokin Baba ne tun suna samari, tare suke aiki a gaban Kaka. Ya ce, "A'a, Malama Soyayya! An bar littafi ya huta? Shigo ki gai da Kaka, kishiyar babarki, wadda ke hana Babanki kwana a gida." Na sunkuyar da kai. Ya kifa min hular kwano, ta rufe min ido.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Tun kafin ka gan ta kake jinta. Wani irin ruri, ba mai tsorata mutum ba, mai shiga ƙirji ya zauna. Sai zafi ya tare ka kamar bango. Gini ne guda a cikin gini, na bulo, an ɗaure shi da ƙarafa, kowace kafa tana fitar da haske. Baba ya fito daga bayanta fuskarsa jawur, ya dube ni ya dubi Kawu, na zaci zai yi faɗa. Sai ya miƙo min wani baƙin gilashi mai mariƙi ya ce, "Sa a idonki. Kada ki cire." Ya zare bulo ɗaya daga jikinta.

Tafki ne a ciki. Tafkin haske, kwance lumui, yana motsi a hankali kamar mai numfashi cikin barci. Harshen wuta na shimfiɗe a samansa daga wannan bango zuwa wancan. Babu inuwa ko ɗaya. Ban taɓa ganin wuri marar inuwa ba.

Baba ya ce a kunnena, don ruri ba ya barin a ji, "Ranar da muka kunna ta kina goye a bayan mamarki."

Na dawo gida na buɗe littafina, na kai inda jarumin ya tsayar da motarsa cikin ruwan sama. Na rufe.

Alhamis, da safe

Bututun hayaƙin tanderun nan biyu ba sa hayaƙi, iska ce kawai ke rawa a samansu in akwai wuta. Yaya ta nuna min. Yanzu da na tashi taga nake fara dubawa.

Duka biyu suna rawa.

Asabar, da yamma

Keken ɗinkin Mama ya tafi gyara. Haka aka ce min. Ban san ya lalace ba.

A rediyo wani mutum ya ce bai kamata a ɗebi kuɗin talakawa a cika ramin da masu kuɗi suka haƙa ba. Wata mata ta ce to in asibitoci suka rasa kwalbar allura, a tafin hannunsa za a zuba? Suka yi ta yi. Abin da ya ɗaure min kai, dukansu sai na ji kamar suna da gaskiya. Mutanen da ba su taɓa jin rurin nan ba suna ta da jijiyar wuya a kansa, a wani ɗaki mai sanyi, a birnin da ban taɓa zuwa ba. Ƙasa guda tana maganar wutar Babana.

Lahadi, da rana

Suna rawa.

Litinin, da yamma

An ce gobe gwamnati za ta aiko wanda zai duba ya kai rahoto. Na riga na gama ƙera shi a kaina. Dogo, ba ya dariya, yana da wani tsohon ciwo a zuciya wanda ba ya gaya wa kowa. Zai fito daga baƙar mota, ya cire tabarau, ya dubi Kaka sau ɗaya ya ce, "Wannan wutar ba za ta mutu ba muddin ina numfashi." Ni kuma ina gefe da kwanon abinci, iska na kaɗa mayafina.

In Yaya ta ga wannan shafin na mutu.

Talata, da yamma

Mace ce. Gajera, da takalmi shafaffe da jakar goyo, tana tari. A motar haya ta zo. Maigadi ya hana ta shiga, ya ɗauka talla ta kawo.

Ta yini tana zagaye. Na same ta tsaye a gaban Kaka da baƙin gilashin a ido, ta daɗe fiye da yadda na daɗe. Da ta sauke sai ta ce a hankali, "Ikon Allah." Nan take na yafe mata rashin tsawo.

Kawu Dogo ya ce, "Ranki ya daɗe, a jakar nan kuɗin suke, ko suna biyo ki a baya?"

Ta yi dariya har tarin ya taso. Ta ce, "Malam, ni ido ce kawai. Masu sa hannu suna can sama, kuma hannunsu yana da nauyi."

"Nauyin kwana nawa?"

 Ta juyo ta gan ni ta ce, "'Yar wa ce wannan?" Baba ya ce tasa. Ta ce, "Me kike so ki zama?" Duk suka zuba min ido. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Kawu ya ce, "Amaryar littafi." Suka yi dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu amsar ta zo min. Ina so in zama mai ganin abu irin wannan in iya faɗarsa yadda yake.

Laraba, da safe

Suna rawa. Amma kamar ba da ƙarfi ba. Ko idona ne.

Juma'a, da yamma

Baba ya zo gida ya yi wanka. Mama ta bi shi ɗaki ta ja ƙofa. Yaya ta ƙara muryar rediyo don kada in ji, amma ita ta manna kunne a bango. Na ji sunan Gwaggo, na ji "a kai mata yaran", na ji Baba ya ce, "Ba a kai nan ba tukuna."

Da ya fito ya zauna ya ci abinci, hannun hagu na tallafe da na dama. Ban kalla ba.

Asabar, da rana

An rage wutar har iya inda za a iya ragewa. Rurin ya koma gurnani. Na leƙa, tafkin ya tashi daga fari ya koma ruwan lemo, samansa ya yi yauƙi. Kawu Dogo ya ce, "Tsohuwa na jin sanyi." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Litinin, da yamma

Ba a ce in ji ba, amma ba wanda ya ce in tafi. Amfanin marar magana ke nan, mantawa ake da shi kamar kujera.

A ɗakin da allunan awo suke aka taru: manaja, matar gwamnati, Baba da mutanensa, da masu kula da Auta. Ina bakin ƙofa da kwano. Manaja ya ce masu gas sun aiko, daga ƙarshen mako rabi za su riƙa bayarwa, shi ma albarkacin roƙon da matar ta yi musu. Rabi ba zai riƙe tanderu biyu ba. In aka raba musu, duka biyun za su daskare. Matar ta ce maganar tallafin ta kai teburin ƙarshe, amma ba za ta yi musu ƙarya ta sa rana ba. Ta ce, "Abu ɗaya na sani. In suka sa hannu alhali babu wuta ko ɗaya, babu abin da za a ceta."

 Kowa ya san maganar, ba mai son ta fito daga bakinsa. Auta sabuwa ce, ita ke yin ƙananan kwalaben allura. Kaka ta tsufa, bulonta ya cinye.

Baba ya ce, "A zubar da Kaka."

Haka kawai. Kamar ya ce a rufe taga.

Kawu Dogo ya miƙe har kujera ta faɗi. "Kai ne za ka faɗa? Kai? Bari su faɗa mana, su da ba su san ta ba! Mu goma sha biyu da ke cin abinci a gabanta fa, ka tambaye mu?"

Baba ya ce, "In an zubar tana da zafi, ta fita da mutuncinta. In an jira, da guduma za a fitar da ita."

"Mutunci za mu kai gida mu dafa?"

Ya fita, ya bangaje ni bai ma gan ni ba. Miya ta zube a ƙafata. Na tsaya ina kallon bayan Babana. A littattafaina duk wanda ya sadaukar da abin da yake so sai ya yi jawabi shafi biyu. Baba ya ɗaga kujerar da ta faɗi ya gyara mata zama.

Talata, da safe

Duka biyu. Na daɗe a tagar.

Laraba, da yamma

Matar Kawu Dogo ta wuce Mama a bakin famfo ba gaisuwa. Yaya ta ce da ita ce Baba da ta yi shiru ta bar manaja ya ɗauki zunubin. Mama ta ce, "Da ke ce shi da ba a kunna ta ba ma tun farko, kina barci."

Abin da na gani a bayan gida da Baba ya ɗauka ba kowa, ba zan rubuta ba.

Alhamis, da yamma

Yau.

Ba a zubar da tanderu da rage wuta, ƙara mata ake yi. Baba ya gaya min. Sai an mayar da ita zafinta na da, gilashin ya tsinke kamar ruwa, sannan zai fita duka. Don haka da na iso da safe rurin ya dawo, cikakke, ya cika ginin har ƙarafan rufi suna karkarwa. Kamar ta warke. Wanda bai sani ba zai ce biki ake.

An shimfiɗa doguwar kwata ta ƙarfe daga gindinta zuwa waje, ruwa na gudu a ciki. Mutanen Auta sun zo sun jeru a jikin bango. Matan su Yaya ma sun zo, har da ita, ba wanda ya kira su. Matar gwamnati na can baya ta toshe bakinta da hankici.

Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe dogon ƙarfen da za a huda bulon, ɗaya ya tura. Baba ya sa rigar azurfa mai hana ƙuna ya ɗauki ƙarfen, ya waiga. Wani saurayi ya matso. Sai muka ji daga baya, "Kauce, yaro, kada ka ƙona mana gemun da bai gama fitowa ba." Kawu Dogo ne, da rigarsa a jiki. Bai dubi Baba ba. Ya kama ƙarfen ya ce, "Riƙe da kyau, hannunka rawa yake kamar na tsohuwa."

Suka yi ta hudawa. Sai wani ɗigo ya fito, fari fat, ya tsaya yana lilo. Sai ya miƙe ya zama igiya. Igiyar haske mai kaurin hannuna, tana sauka ba ƙara, ba gaggawa, ta haske fuskar kowa daga ƙasa. Inda ta taɓa ruwa tururi ya tashi har rufi, ta farfashe ta zama tsakuwa, tana gangarawa cikin kwatar da wani sauti kamar ana zuba dubban 'yan kunne a faranti.

Shekaruna duka tana cikin nan tana ci. Ina koyon tafiya tana ci. Ina zazzaɓi, ina jarrabawa, ina kuka a kan mutanen da ba su taɓa rayuwa ba, tana ci, Baba na tsaye a gabanta.

Yaya ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi. Ba ta ce komai ba. Yaya fa.

Juma'a, da rana

Har yanzu tana zuba, amma igiyar ta sirance kamar zare. Tsakuwar ta taru a tsakar kamfani, tudu guda ruwan zuma, rana na wasa a kanta.

Asabar, da safe

Ɗaya.

Lahadi, da yamma

Unguwa ta yi wani iri. Ashe duk rayuwata ina jin rurin nan daga nesa ban sani ba, sai da rabinsa ya tafi.

Baba yana gida. Ya gyara ƙofar bayi, ya gyara abin da bai lalace ba.

Talata, da yamma

Sun sa hannu.

Da rana aka faɗa a rediyo. Gwamnati za ta biya gas, ta biya albashin da aka riƙe, ta karɓi wani kaso na kamfanin har ya farfaɗo. Aka busa jiniyar kamfani ba lokacinta ba, mata suka fito da ludayi a hannu, yara na tsalle ba su san dalili ba. An aiko wa Yaya ta koma aiki jibi. Na yi murna, wallahi na yi. Wasu mutane a can sama sun ɗora alƙalami a takarda, ga wuta a nan ta ci gaba da ci. Har yanzu abin bai gama shiga kaina ba.

Sai Yaya ta fara lissafi da yatsu. "Da an ƙara haƙuri kaɗan, daga Alhamis zuwa..."

Mama ta ce, "Rufe min baki."

Baba ya ce, "Bar ta. Ni ma na lissafa."  "Da ba ta kai ba. Ina jin da ba ta kai ba."

Laraba, da safe

Tallafin na Auta ne. Babu maganar sake gina Kaka, sai an ga yadda shekara ta yi. Mutanenta wasu za a raba su wurare, wasu a sallame su da haƙƙinsu. Baba zai koma gaban Auta, ƙarƙashin wani da shi ya koya masa riƙe ƙarfe. Sunan Kawu Dogo bai fito ba tukuna. Baba ya tafi ofishin manaja tun da sassafe a kan haka, bai karya ba.

Matar gwamnati ta tafi. Ban yi mata sallama ba. Na tsaya a bayan maigadi ina kallo har ta sami mota.

Asabar, da yamma

Kaka ta huce. An fasa ƙofa a gefenta don masu rushewa su shiga ranar Litinin. Baba ya ce in zo da tocila.

Muka sunkuya muka shiga. Cikin Kaka. Inda tafkin yake, nan na taka da takalmina na makaranta. Bangon duk ya shafe da gilashi, kore da ruwan zuma da wani shuɗi da ban san sunansa ba, ya zubo ya daskare kamar hawayen kyandir. Rufin ya lanƙwasa a samanmu yana ƙyalli. Duk inda na haska sai hasken ya dawo min gida goma. Da ɗumi har yanzu, kaɗan, irin na gadon da aka tashi daga kai. Na yi magana, muryata ta zagaya ta dawo, ban ji kunyarta ba.

Baba bai taɓa shiga ba. Duk shekarun nan ta ramin bulo ɗaya yake ganinta. Ya tsaya a tsakiya ya juya a hankali, ya ce, "Ashe 'yar ƙarama ce."

Ya bi bango da tafin hannu, ya nuna min inda ya cinye har ya kusa hudewa, ya ce nan ne ya hana shi barci shekara biyu. Ya nuna min bakin da wuta ke fitowa. Sai ya karɓi tocilar ya ce, "Je ki jira ni a waje, ina zuwa."

Na fita na tsuguna a bakin ƙofar. Ban yi niyyar saurare ba, wurin ne ke fito da murya.

Na ji ya gyara murya, irin yadda yake yi in zai gai da babba. Ya ce, "Sannu da aiki."

Ya daɗe bai fito ba. Na jira shi.